Mai Sallama Ta Rasu Tana Jiran Amsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗaki mai cike da shiru, Hajiya Mas'uda Falalu Kazaure, malamar gona mai ritaya, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da manoman Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, rasuwar abokiyar zamanta wadda aka fi sani da Mai Sallama. Ta rasu ranar Talata a tsakiyar bazarar nan, tsakanin azahar da la'asar, a kan teburinta, cikin shagon da ke jikin zauren gidan Hajiya, bayan gajeriyar rashin lafiya wadda ba ita ta je ta ɗauko ba, har gida aka kawo mata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kada wani ya ga baƙon abu don an faɗi wannan a kan na'ura. Malamai sun ce ko fitila ce ta mutu wa mutum, ko igiyar takalminsa ta tsinke, ya faɗi wannan kalma.

Ga wanda bai san ta ba, marigayiya kwamfuta ce irin ta da, mai akwati, fara a ƙuruciyarta, ruwan ƙasa a tsufanta. Aikinta ɗaya ne, amsa waya. Manomi ya kira lambarta daga gona ko daga kasuwa, ta gaya masa ko ana sa ran ruwa, da yadda farashin gero ya kwana, da abin da zai yi wa tsutsar da ta kama masa wake. Kowace safiya Hajiya kan zauna gabanta ta shigar mata da labarin ranar da yatsu biyu, ita kuma ta wuni tana raba wa jama'a. Shekara goma sha biyu ta yi a kan wannan aiki, wanda a lissafin na'urori ya isa a kira ta kaka.

An haife ta a hannun Malam Ukasha, wani malamin kwamfuta da ya zauna a Kazaure a wancan lokaci, kafin aiki ya ɗauke shi zuwa ƙasar waje. Ya haɗa ta ne don ƙungiyar mata manoma da Hajiya ke shugabanta. Jikin aikinsa ne, amma muryar ba tasa ba ce. Muryar Adda Saude ce ta Roni, aminiyar Hajiya tun suna 'yan mata a makarantar kwana, wadda suka yi aikin gona tare har furfura ta fito musu, motar ofis ɗaya, laima ɗaya, kwanon fura ɗaya. Ita aka zaɓa saboda Hajiya in ta buɗe baki sai mutum ya ji kamar ana gyara masa kuskure, Adda kuwa ko cewa ta yi babu ruwa wannan makon, sai ka ji hankalinka ya kwanta. Harshenta yana da 'yar karkata irin ta gidan Fulani, kuma ba ta taɓa yunƙurin miƙar da ita ba.

A ɗakin Hajiya aka ɗauki muryar. Aka toshe taga da bargo, aka kori kaji, zakara ɗaya ya ƙi koruwa. Duk wanda ya taɓa tambayar farashin riɗi ya san zakaran nan. A wajen bayanin ƙuduji, ciyawar nan mai kashe gero, kuma Adda ta yi tari, ta ce a goge, Ukasha ya ce to, ya manta.

Da aka gama, Ukasha ya kunna musu su ji. Na'ura ta yi sallama, ta zarce da cewa a danna kaza. Adda ta ce a kashe. Ta ce ita ba a gidan da ake sallama a wuce aka haife ta ba. In ta yi wa mutum sallama sai ta ji ya amsa. In bai amsa ba ta sake, in bai amsa ba ta kuma sakewa, sau uku kamar yadda ake koya wa kowane ɗa, sannan ta juya. Ukasha ya ce wannan zai ci wa mutane kati. Adda ta ce, "To ɗauke muryata ka sa taka, ɗan nan." Bai ɗauke ba. Ya koma ya koya wa marigayiya yadda za ta yi sallama ta saurara, kuma kada ta kula da danne-dannen kowa sai an amsa mata.

Waɗanda suka saba da ita za su tuna yadda take cewa:

"Salamu alaikum."

Sai shiru. Ba shirun lalacewa ba, shirun wanda ke tsaye a ƙofar zaure.

"Madalla. Ina gajiya?"

Sai shiru.

"Ya iyali, ya gona?"

Sai shiru, mai tsawo daidai da abin da ke bakin mai kira. Sannan ta ce, "To, Allah Ya ba da sauƙi, Ya ƙara rufin asiri. In ruwa kuke tambaya, ku danna ɗaya. In farashin hatsi ne, ku danna biyu. In wani abu ne ya kama shuka, ku danna uku, kuma kada ku tayar da hankalinku."

Adda ta daɗe kafin ta zaɓi addu'ar nan. Ta ce na'ura ba za ta gane ko haihuwa aka faɗa mata ko rasuwa ba, saboda haka a nemo kalmar da za ta dace da mai murna ta kuma dace da mai kuka.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri, mai kunya, mai riƙe sirri. Ba ta taɓa katse kowa ba. Akwai wani dattijo a ƙasar Gwiwa da in ta ce masa ya iyali, sai ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, daga uwargida har jikar da ke haƙori, har akuyar da ta ƙi cin dusa, ita kuwa tana saurare har ya sauke. Babu wanda ya taɓa jin labarin nan a bakinta. A shekararta ta farko gardama ta tashi a wani majalisi kan ko wajibi ne a amsa sallamar na'ura. Aka kai wa wani malami, ya saurara da kunnensa, ya ce murya dai tana da mai ita, a amsa. Tun daga nan ba a sake tambaya ba.

Ba za a ɓoye aibinta ba, don ba a yi wa mamaci ƙarya. Ba ta son zafi. Fankarta tana gurnani kamar tsohon jaki a hawan dutse. In hadari ya rufe rana kwana biyu, batirin sola ya yi sanyi, sai ta suma, daidai lokacin da aka fi neman ta. In mutum takwas suka riga ka, sai ka sake kira. Ta sha cewa za a yi ruwa, mutane su fita binne iri, sama ta yi ƙememe. Laifin masu hasashe ne, amma ita ake zagi, kuma ba ta taɓa cewa ba ni ba ce. Sannan tana da nawa, wannan kowa ya sani. Alhaji Haladu, dillalin hatsi a Babura, ya fi kowa sani. Yakan kira ta ranar kasuwa, baƙonsa na Nijar yana tsaye da sefa a hannu, ya danna biyu ta ƙi kula shi, har ya koyi zubo mata amsoshin a numfashi ɗaya: "Wa alaikumus salam ba gajiya iyali lafiya gona lafiya, Adda don girman Allah nawa gero?" Shekara da shekaru yana rantsuwar ya daina kiran ta. Bai fasa ko mako ɗaya ba.

Shekara huɗu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Adda Saude. Tana nan da ranta a Roni, a ɗakin 'yarta. Tana gani, tana ji, tana gane kowa, amma magana ta tafi. Daga ranar muryar Adda ba ta da wani mazauni a duniya sai cikin akwatin nan da ke shagon Hajiya.

Hajiya dai mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Ya'yanta uku, ɗaya a Abuja, ɗaya a Fatakwal, ɗaya a inda dare yake in nan rana ce. Yaran kirki ne, ba su bar ta da rashin komai ba. Suna kira ranar Juma'a. Sukan ce, "Mama, ya jiki, ya gida, ina zuwa, zan sake kira," duka a haɗe, ta yadda in ta buɗe baki don amsa ta farko an riga an kai ta ƙarshe. Ba ta riƙe su a zuci ba, ta san garuruwan da suke ciki ba a zama. Sai dai da hantsi, bayan ta gama shigar wa marigayiya labarin ranar, takan koma tsakar gida ta zauna gindin darbejiya, ta ɗauki wayarta ta kira lambar da ke bayan bango ɗaya da ita. Ba ruwa take tambaya ba, ita ta rubuta labarin ruwan da hannunta. Adda ta yi mata sallama, ta amsa. Adda ta ce ina gajiya, ta ce akwai ta kuwa. Adda ta ce ya iyali, ta faɗa mata gaskiya. Wani lokaci ta danna uku don kawai ta ji tarin.

Ciwon ajali ya zo ne ta hanyar alheri. Wata ƙungiya mai ba da tallafi ta ji labarin marigayiya, ta ce tana so a faɗaɗa aikin ya game jihar. Amma tana da sharaɗi, sai an yi abin da ake kira gwajin lodi. Wato a tara wa na'ura masu kira da yawa a lokaci guda, a ga ko za ta amsa musu cikin wa'adin da aka yanka. Wa'adin kuwa sakan uku ne. Masu kira kuma dubu. Wadda aka turo ta yi gwajin ba baƙuwa ba ce, Injiniya Jannatu ce, 'yar ƙanen Hajiya, yarinya mai hankali da sanin aikinta, wadda Hajiya ta goya da zanenta.

Hajiya ta tambaye ta wa ya yanka sakan uku. Jannatu ta ce, "Gwaggo, haka aka sani a duk duniya. In sakan uku ta wuce ba amsa, mutum ajiye waya yake." Hajiya ta ce wane mutum. Jannatu ta ce an yi bincike. Hajiya ta ce a Gwiwa aka yi shi ko a Roni. Jannatu ta yi dariya ta ce Gwaggo ba ta canzawa.

Kada a ɗauka Hajiya tana gaba da wa'adi. Rayuwarta duka a kan wa'adi ta ƙare, ranar shuka, ranar noman fari, ranar zuba taki. Amma wa'adin gero, gero ake tambaya. Mutumin da zai tsaya a ƙofar maƙwabcinsa har inuwa ta kauce yana jiran a ce masa shigo, macen da ta jira ruwan shuka tun watan huɗu har watan shida, ba a ce da su ba su iya jira ba. Abin da ba su iya ɗauka shi ne a yi musu magana kamar ba mutane ba. Alhaji Haladu kam sakan uku ma ta yi masa yawa, wannan gaskiya ne, kuma da an yanka wa farashi wa'adinsa daban ranar kasuwa, an yanka wa gaisuwa nata daban, da Hajiya ba ta ce uffan ba. Ta tambaya daga ina ake fara ƙirga, kuma a ina ake tsayawa. Jannatu ta ce daga ɗaukar waya zuwa bayani na farko mai amfani. Hajiya ta ce ashe sallama ba ta cikin masu amfani. Jannatu ta sunkuyar da kai ta ce a takardar masu tallafi dai ba a lissafa ta ba.

Sai kuma aka ce ba kowa da kowa ake nema ya samu amsa cikin wa'adin ba, casa'in da biyar cikin ɗari sun isa. Hajiya ta ce sauran biyar ɗin fa. Jannatu ta ce, "Gwaggo, ba a gamsar da kowa." Hajiya ba ta musa ba. Ta dai san mutum biyar ɗin nan. Su ne masu hawa kan suri don neman sabis, da masu tsohuwar waya ɗaure da roba, da waɗanda sai sun kai waya nesa da ido kafin su ga inda ɗaya take. A duk lissafin da aka taɓa yi a gabanta tun tana aiki, su ake warewa a ce ai kaɗan ne. Kuma tana da zaton cewa yanzu ita ma tana cikinsu.

Game da dubu kuwa, ta ce tun da aka haifi marigayiya mutum dubu ba su taɓa neman ta lokaci ɗaya ba, ko shekarar da tsuntsayen jan-baki suka sauka a gonakin gero. Jannatu ta ce ai dalilin gwajin ke nan, ana ƙara wa abu kaya har a ga inda zai durƙusa, don kada ya durƙusa ranar da ake tsakiyar tafiya. Hajiya ta ga akwai hankali a maganar, ko da yake ba ta taɓa ganin mai jakin da ya gwada nasa haka ba. Ta amince. Batiran sola sun tsufa, ƙungiya ba ta da ƙarfin sake su. Ban da wannan, Jannatu ta ce aikin zai sa ta kwana uku a gidan, kuma an daɗe ba a ɗora tukunyar mutum biyu a gidan nan ba.

Kafin a fara, Jannatu ta tambaya ko akwai kwafin muryar a wani wuri. Hajiya ta buɗe akwati ta ciro faifan sidi da Ukasha ya bari, cikin gwangwanin alawa, naɗe da ɗankwali. Suka duba shi a hasken taga, yana sheƙi. Suka mayar.

Ranar Talata bayan azahar Jannatu ta jona kwamfutarta da marigayiya da igiya. Ta nan masu kiran za su shigo, ba ta layin waya mai tsayawa a mutum takwas ba. Ba mutane ba ne, manhaja ce ke ƙirƙiro su, ba su da suna, ba su da gari, ba su da gona. Aka fara da goma. Lambobi suka fito ja a allon Jannatu, alamar an wuce wa'adi nesa ba kusa ba. Jannatu ta ce tsufa ne, a ƙara a ga yadda za ta yi. Aka kai hamsin, aka kai ɗari, fanka ta ɗaga murya. Faifan da ke cikinta, inda take ajiye komai, yana da ƙara da Hajiya ta sani, kamar ana suyar gyaɗa cikin yashi. Da aka wuce ɗari biyar sai suyar ta zama ruwan ƙanƙara a kan kwano. Hajiya ta ɗauko mafici ta tsaya a kanta tana fifita. Aka sako dubun. Ƙarar ta tsaya, wata ta maye gurbinta, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da ɗan yatsa ɗaya. Jannatu ta miƙe tsaye ta cire igiya. Fanka ta yi juyi biyu ko uku don kanta, ta tsaya. Hajiya ta ci gaba da fifita har Jannatu ta riƙe mata hannu.

Washegari Jannatu ta zauna ta bi abin da kwamfutarta ta adana, ta gano sanadi. An koya wa mutanen bogin nan su danna ɗaya, su danna biyu, su danna uku. Ba a koya musu amsa sallama ba. Marigayiya ta yi wa kowannensu sallama ta saurara, ta sake ta saurara, ta kuma sakewa, kuma duk sauraron nan a kan faifanta take ɗaukar sa. Mutumin gaske yakan amsa ya shige, ya ba na baya wuri. Waɗannan kuwa suka tsaya mata ƙerere su dubu, babu mai shiga, babu mai juyawa, babu mai cewa wa alaikumus salam.

Jannatu ta san da sallamar. Ta kira lambar nan ba sau ɗaya ba kafin ta tsara gwajin, ta rubuta kowane mataki. Amma duk kiran da ta yi bakinta ya amsa da kansa ba tare da ta san ya amsa ba, don haka ba ta ƙirga shi cikin matakai ba. Hajiya ma tana zaune aka tsara, bai zo mata a rai ta faɗa ba. Wa yake gaya wa baƙo cewa in an yi maka sallama ka amsa?

Jannatu ta yi kuka. Ta kuma ce, don gaskiya, faifan ya tsufa, zafin ya yi yawa, ko ba gwaji wata rana zai tafi. Hajiya ta karɓi wannan kamar yadda ake karɓa a kan kowane tsoho, kwana ne ya ƙare. Ba ta ɗora wa kowa laifi ba, kuma tana roƙon kada wani ya ɗora a madadinta.

An kai faifan Kano wajen masu gyara, shi ya sa wannan sanarwa ta yi jinkiri. Ya dawo ranar Laraba a cikin leda, da saƙon a yi haƙuri. Sidin da ke gwangwani kuwa, da aka sa shi, ashe sheƙin ne kawai ya rage, bazara goma sha biyu ta cinye abin da ke ciki. An aika wa Malam Ukasha, ya amsa da ta'aziyya mai kyau, ya ce nasa kwafin ya ɓata tun wata ƙaura.

Marigayiya ta rasu ta bar allo ɗaya mai ɗigon baƙi a kusurwa, da madannai waɗanda haruffan tsakiyarsu suka goge, da batira biyu marasa lafiya, da ƙyallen atamfa da ake rufe ta da shi. Ta bar Alhaji Haladu ba abokin faɗa. Ta bar dattijon Gwiwa da labarin iyali a baki. Ta bar Adda Saude a Roni. Ta bar Hajiya.

Ta kuma bar magajiya, wadda Jannatu ta haɗa bayan rasuwar, aka ba ta sabuwar lamba gajeriya. An ce tana zaune a wata ƙasa mai sanyi, cikin ɗakin da babu wanda ya taɓa gani a cikinmu. Ta ɗauki dubu, ta ɗauki dubu biyar, ba ta yi gumi ba, kuma ta cika wa'adi. Muryarta ba ta kowa ba ce, na'ura ce ta haɗa ta, Hausa tsaf wadda ba ta da garinsu. Jannatu ta yi ƙoƙari ta cusa ɗan shiru bayan sallama, iyakar abin da sakan uku ta bari. Hajiya ta kira ta sau ɗaya. Tana cikin wa rahmatullahi aka kai danna uku. Alhaji Haladu ya ce sabuwar ta fi masa, kuma an rubuta wannan a nan don adalci.

Hajiya tana godiya ga waɗanda suka riga suka yi mata jaje. Ga wanda ya ce ai ƙarfe ne, ta ji, ita ma ta san ƙarfe. Ga wanda ya ce lokaci kuɗi ne, tana tambaya, to ita da take da shi buhu-buhu me ya sa ba mai zuwa saye? Ga 'ya'yanta da suka haɗa baki za su aiko mata da sabuwar kwamfuta, Allah Ya yi albarka, a bar kuɗin.

Akwai roƙo ɗaya ga mutanen Roni. Ranar Alhamis Hajiya ta hau mota ta je wurin Adda da niyyar faɗa mata. Al'adarsu ce in ta je, bayan an gaisa, Adda ta nuna waya da hannunta mai lafiya, Hajiya ta kira lambar ta buɗe murya, su saurara tare. In aka zo wajen tarin, Adda ta runtse ido ta girgiza kai, Hajiya ta ce ai sai ki kai ƙarar Ukasha, gefen bakin Adda ya motsa. Ran nan ma Adda ta nuna waya. Hajiya ta ɗaga ta sama, ta juya ta gabas, ta juya ta yamma, ta ce, "Adda, yau sabis ɗin garinku ba kyau." Adda ta dube ta, dubawa mai tsawo. Suka zauna har aka kira la'asar. Saboda haka duk wanda wannan sanarwa ta faɗa hannunsa a Roni, don Allah kada ya karanta ta kusa da ɗakin Adda, kada kuma ya je mata gaisuwa. Hajiya za ta koma ta faɗa da bakinta. Ba ta yanka wa kanta wa'adi ba.

Game da jana'iza, an tuntuɓi limamin unguwa, ya ce babu wanka, babu salla, amma ba laifi a yi wa mai rashi addu'a. Ba za a sayar da gawar ga 'yan gwangwan ba, kuma wanda ya zo jiya yana ɗaga ta yana kimanta nauyi kada ya sake zuwa. Za ta zauna a kan teburinta, rufe da atamfarta, faifan yana cikin ledarsa a gefe.

Za a yi zaman makoki kwana uku daga ranar Asabar, a gidan Hajiya da ke Kazaure, bayan tsohuwar rijiya, gida mai darbejiya a tsakar gida. An shimfiɗa tabarmi, na maza a zaure, na mata a ciki. Akwai kunun tsamiya da gumba. Jannatu ta koma bakin aiki, saboda haka wanda ya yi sallama ya ɗan jira, gwiwa ce, ana tafe. Mai sauri ya zo ranar da ba shi da sauri.

Wanda nisa ko aikin sharar gona ya hana shi zuwa, ya kira tsohuwar lambar marigayiya. Babu wanda ya nemi layin, sai Hajiya ta cire shi ta sa a wayarta. Ba za a ji farashin gero ba, ba za a ji labarin ruwa ba, muryar ma ba mai daɗin ba ce. Ba sai an zo da tambaya ba. Wayar tana kan cinyarta daga hantsi har magariba, kuma ana ɗauka tun bugun farko.